Kwana Biyar Daga Fatakwal

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makullin ɗakin kwamfuta, bayan shekara huɗu da 'yan watanni a masana'antar haɗa takin zamani da ke wajen garin Sakkwato. Waɗanda muka yi aiki tare sun san wurin, wanda bai sani ba kuma sunan ba zai ƙara masa komai ba. Da daddare wani ƙanena da ya gama karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya tambaye ni abin da na fito da shi daga aikin. Na fara jera masa sunayen manhajoji, sai na tsaya, don na ji bakina na kauce wa maganar. Maganar ita ce wata lamba guda, biyar, da na taɓa rubutawa a wani ɗan akwati na manhaja.

Alhaji, mai masana'antar, ya ga wata manhajar tsara sayen kayan haɗi ce a masana'antar wani abokinsa a Legas, ya dawo ya ce shi ma sai an sa masa. Aka ɗauko ƙwararre, ya yi mako biyu a otal, ya koya mana danna nan da danna can, ya bar mana tulin takardu mu cika, ya hau jirgi. Tun da ni ne mai digirin kwamfuta, takardun suka faɗo kaina.

Wannan tsari da ake kira MRP, wato lissafin kayan da masana'anta za ta buƙata da lokacin sayensu, ba sabon abu ba ne. Wani injiniyan IBM a Amurka, Joseph Orlicky, shi ya tsara shi a shekarun 1960. A shekarun 1980 aka faɗaɗa shi ya haɗa da injina da ma'aikata da kuɗi, aka kira shi MRP II, sannan a 1990 kamfanin Gartner ya raɗa wa babban ɗansa suna ERP, wanda irin su SAP da Odoo ke sayarwa yau. Amma idan ka tuɓe masa riga, lissafin mai tuwo-tuwo ne. Gobe kwano nawa zan sayar, shinkafa tiya nawa ke nan, nawa ta rage a buhu, yaushe zan aika kasuwa. Manhajar tana ɗaukar jadawalin abin da za a haɗa, ta ninka shi da jerin kayan haɗi, wanda kowa a ofis ke kira BOM. A wurinmu tan ɗaya na NPK 20:10:10 yana cin yuriya wajen kilo 350, DAP (takin fosfet) wajen 217, MOP (takin fotash) wajen 167, a cike sauran da ƙwayoyin farar ƙasa. Daga nan ta cire abin da ke sito da abin da ke kan hanya. Abin da ya rage shi za a saya. Sai tambaya ta ƙarshe: yaushe za a yi oda? A nan take ƙirga kwanaki da baya, daga ranar da ake buƙatar kayan, da adadin da ka rubuta mata a akwatin da Turawa suka kira lid-tayim.

Na san kalmar. Na ci jarrabawa da ita. Da na zo layin yuriya, wadda muke ɗaukowa daga Eleme kusa da Fatakwal, sai na fita bakin get na tambayi wani direban tirela kwana nawa yake yi a hanya. Ya ce huɗu, in hanya ta yi gardama biyar. Na rubuta biyar, har ina ganin na yi hattara.

Direban bai yi mini ƙarya ba. Tambayar ce ta banza. Kwanakin da ake nufi a akwatin nan ba daga ranar da tirela ta tashi suke farawa ba, daga ranar da aka gane ana buƙatar kayan ne, kuma ba sa ƙarewa sai kayan sun shiga sito an yarda a zuba su a inji. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai takardar neman saye da za ta kwana uku a teburin manaja. Akwai sa hannun Alhaji, wanda wataƙila yana Gwadabawa wurin ta'aziyya, ko ma yana Umara. Akwai banki. Akwai jiran takardar izinin lodi, da neman mota, da layin lodin kansa, wanda gab da damina duk masu haɗa taki na ƙasar nan ke ciki. Sannan hanya, Lokoja, Abuja, Kaduna, Zariya, Funtuwa, inda direba mai hankali ba ya kama hanyar Gusau in rana ta yi sanyi. In ta iso, 'yan dako su sauke buhu 600, a duba ko ta sha ruwa ta dunƙule. Ka tara wannan duka, ya fi mako uku.

Da rani kuskuren ya kwanta lamo, don sito a cike yake kuma ciniki kaɗan ne, sai na masu noman rani na Goronyo da Wurno. Ya jira har ƙarshen Mayu. Kafin manhajar ta zo, Baba mai kula da sito shi ke zuwa ofis ya ce a yi odar yuriya, da ido kawai yake auna tsayin jerin buhuna. Bayan ta zo manaja ya kafa doka cewa ba a sake sayen komai sai abin da kwamfuta ta ce. Na ji da kunnena Baba ya zo sau biyu, na biyun manaja ya ce masa zamanin kintace ya wuce. Kwamfuta kuwa ta yi shiru abinta, domin a lissafinta akwai sauran lokaci. Ranar da ta ce a saya, yuriyar da ke ƙasa ta mako ɗaya ce.

Injin ya tsaya kwana tara a tsakiyar Yuni. Wanda ya san daminar Sakkwato ya san abin da wannan ke nufi. Ruwa bai cika zama ba sai Yuni, Satumba kuma ya fara sallama, gero ba ya jiran kowa. DAP da MOP na nan jibge, waɗanda suka ƙetaro teku suka iso a kan lokaci, abin da ya tsayar da mu shi ne wanda ake yi a cikin ƙasarmu. Diloli daga Illela da Tambuwal da Bodinga, da suka ba da kuɗi tun Afrilu, suka yi sansani a ƙarƙashin dogon yaron bakin get. Wani dattijo a cikinsu bai taɓa ɗaga murya ba. Kullum da safe zai shimfiɗa buzunsa, in na wuce ya ce, "Malam, an tashi lahiya? Ya labarin takin ga?" Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A kwana na shida Alhaji ya tara mu. Ya ajiye carbi a kan tebur ya ce, "Mi ya hwaru? Ba ku kun ka ce min na'urar ga ta san komi ba?" Manaja ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, na'ura ba ta da laifi. Yaron nan ne ya cika lambobin, ni ban ma ga takardun ba."

Ya gan su. Kowane shafi akwai sa hannunsa da koren biro, har da kwanan wata, kuma kwafin yana cikin jakar da ke kan cinyata a wannan lokacin. Shekararsa goma sha wani abu yana sayen yuriya, ya fi kowa sanin ba ta taɓa zuwa a kwana biyar ba, kallo ɗaya ya ishe shi ya kama abin. Ban buɗe jakar ba. Sa'an mahaifina ne, kuma yadda aka rene mu yaro ba ya ƙaryata babba a gaban jama'a. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni na rubuta." Gaskiya ce kuwa, ni na rubuta. Aka ba ni kwiri, aka yanke mini rabin albashin watan. Har na bar wurin manaja bai taɓa kirana gefe ya ce ko da "yi haƙuri" ba. Ina gaishe shi, yana amsawa. Shawarata ga mai shigowa irin wannan aiki ita ce duk takardar da wani ya sa wa hannu ya ajiye kwafinta, ko da ya san tarbiyya ba za ta bar shi ya fito da ita ba. Tana rage zafin kwanciya.

Da yamma ranar na je sito. Baba na zaune kan buhun MOP yana cin goro. Bai yi mini jaje ba. Ya ce, "Ɗiyana, da ka tambayi direba, mi ya hana ka tambaye ni?" Ya ɗauko wani tsohon littafi mai baƙin bango, wanda yake rubutawa da ajami, ranar da ya ce a saya da ranar da mota ta shigo, shekara da shekaru. Bai taɓa jin kalmar lid-tayim ba. Muka zauna har magariba yana karantawa ina rubutawa, na fitar da kwanakin kowane kaya, na rani daban na damina daban.

Daga ranar na daina yarda na san kalma don na iya fassara ta. Duk wadda na gani a allo sai na je na tambayi inda take farawa da inda take ƙarewa. Manhajar tana da lamba biyu ga kowane kaya, abin da ke jibge a sito, da kuma abin da ake iya taɓawa, kuma masu ciniki sun sha sayar da na farko alhali rabinsa an riga an biya kuɗinsa. Baba ne ya ba ni fassarar da ta zauna: waɗannan buhunan "an sa musu rana". Tun daga nan ba wanda ya sake ruɗewa. Ajiyar ko-ta-kwana, wato abin da ake bari don ranar da hanya ta ɓaci, Alhaji na ganinta kuɗi ne a kwance, sai da kwana taran nan ta sa ya yarda da ita. Ma'auni kuwa, buhu 20 ne tan ɗaya, kuma ranar da wani ya shigar da 600 a layin da ke ƙirga tan, sitonmu ya nuna yana da abin da ko filin Idi ba zai ɗauka ba.

Ɓangaren sadarwa bai ƙone ni haka ba, amma shi ma rigimar suna ce. A masana'antar kalmar netwok tana nufin abu huɗu: layin waya ya ɗauke, intanet ta yanke, wayar da ta haɗa kwamfutocin ofis ta sami matsala, ko uwar garke, wadda kowa ke kira saba, ta mutu. Mutum zai leƙo ya ce "babu netwok" ya juya, kai kuma ka yi duba. Na koyi fara tambaya da "me ka danna, me ka gani?" Kwamfutar sikelin manyan motoci ta bakin get ta yi wata biyu tana yankewa ba dalili, sai da na auna wayar da ƙafa na ga ta wuce mita 100, iyakar da irin wannan waya ta tagulla ke iya kai saƙo lafiya. Duk sanda aka ɗauke wuta aka tada janareta kuma, sai manhajar ta ɓace wa kowa. Ashe ƙwararren namu ya bar rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da intanet, tana raba wa saba adireshin IP kamar sauran na'urori, ta tsarin DHCP mai raba adireshi da kansa, yau ta ƙare da 14 gobe da 23, kwamfutoci na zuwa tsohon gida suna sallama ba kowa. Na kafe mata adireshi ɗaya, na rubuta shi a takarda na manna a ƙasan rautar. Aikin minti goma, bayan wata shida ana zagin NEPA.

Akwai ranar da ƙwararren ya bugo waya daga Legas ba na nan, ya bar saƙo wai a gaya mini "fot a rufe yake". Jami'in saye ya ji, ya ɗauka tashar jiragen ruwa ake nufi, hankalinsa ya tashi, ya fara kiran wakilinmu na Apapa yana tambayar kwantena. Ƙofar lamba ce mutumin yake nufi, irin wadda kowace manhaja ke sauraro ta cikinta, kamar 443 ta shafukan intanet masu tsaro. Alhaji ma ya taɓa rantsuwa masu intanet sun cuce shi, ya biya kuɗin mega 10 yana ganin ɗaya da 'yan kai. Megabit suka sayar masa, allonsa na nuna megabait, bit takwas ke yin bait ɗaya. Bai gamsu ba, ya dai yi shiru.

Duk waɗannan na tara su a wani littafi, kalma da bayaninta da Hausa da misali daga cikin sitonmu, shafi 40 da ɗoriya. Ba wanda ya sa ni. Na bar wa yarinyar da ta gaje ni, kuma na ga manaja ya sa an buga masa kwafi, ya ajiye a aljihun tebur inda yake zaton ban gani ba. Damina uku ke nan injin bai tsaya don rashin kayan haɗi ba. A taron ƙarshen shekara an yaba wa ofishin manaja kan haka, na tafa tare da kowa.

Ranar Alhamis ɗin, bayan na miƙa makulli, na biya sito yin bankwana. Baba ya riƙe hannuna ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ba ni goro biyu. Har na kai ƙofa ya kira ni.

"Nawa ka bari cikin akwatin yuriya?"

"Ashirin da huɗu, Baba."

"Damina ta kusa, kuma Alhaji za shi aikin Hajji bana. Ƙara biyar."

Na koma ofis na ari kujerar yarinyar, na ce ta shiga da kalmar sirrinta tun da tawa an riga an rufe. Ta goge 24 ta rubuta 29, ina tsaye a kanta.