Ƙannena ƴan fada, ku ji abin da gardamar ƙwallo ta jawo mini

Ina wucewa ta fadojinku da dare a unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi, ina jin muryoyinku. Wannan ya ce babu motar da ke jure hanyar Dakoro kamar Hilux, wancan ya ce fim ɗin Indiya ya fi na Kano, wasu biyu suna rantsuwa kan wanda ya fi hannu a PlayStation. Ba na ganin laifinku. Hira ce, kuma da ita shayi ke yin daɗi. Ni ma na yi, har na wuce gona da iri, shi ya sa nake son ku saurare ni.

Ni ɗan Barsalona ne tun 2005, daren da Ronaldinho ya ci biyu a gidan Madrid har ƴan Madrid suka tafa masa. Abokina kuwa ɗan Madrid ne. Allo ɗaya muka yi, kwano ɗaya muka ci. Shekara da shekaru muna tsokanar juna, babu abin da ya taɓa faruwa.

Ran 7 ga Mayu 2019, farkon azumi, mun sha ruwa muka tafi gidan kallo. Barsalona ta riga ta ci Libaful 3 da nema a wasan farko, ga shi a wannan wasa na biyu Salah da Firmino na Libaful ba su buga ba, na shiga ina cika baki. Origi ya ci wa Libaful. Bayan hutun rabin lokaci Wijnaldum ya ƙara biyu a jere. A minti na 79 Alexander-Arnold ya bugo kwana kafin ƴan bayanmu su juyo, Origi ya cike ta huɗu.

Muka koma fada. Butar shayi tana kan gawayi, an fara zagayen na farko, abokina yana dariya yana nuna mini yatsu huɗu. Ban tanka masa kan ƙwallo ba. Cewa na yi: "Kai da ko moton da kake kabu-kabu da shi ba naka ba ne, har kana da bakin yi wa wani dariya?" Gaban mutum goma na faɗa. Kuma ni kaɗai ya taɓa gaya wa yadda yake kwana da tunanin kuɗin da zai kai wa mai moton kowace yamma.

Bai ce uffan ba. Ya ajiye kofin, da sauran shayi a ciki, ya ce, "Sai da safe."

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni: na jira. Na ce ai wasa ne, zai huce. Ranar salla muka gaisa a filin idi kamar baƙi. Kafin sanyi ya shigo ya tafi nema Aljeriya, a bakin wani na ji.

Don haka ku yi gardamarku, amma ku tsaya kan wasan. Ku soki mai tsaron gida, ku soki koci. Kada ku taɓa aljihun mutum, ko sana'arsa, ko iyayensa, balle sirrin da ya ba ku amana. In ka ji zuciya ta fara tafasa, tashi ka je ka sayo gawayi. In kuwa maganar ta riga ta fita, kada ka kwana ba ka je ƙofar gidansu ba.

Ku da kuke zuwa filin kokawa na Kantu, ɗan kokawar da ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, kun sha ganin wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe ƙasa, wanda ya kayar da shi ya rungume shi. Su ke nan da suka haɗa jiki da gumi. Ni kuwa a kan wasan da aka buga a Ingila na wulaƙanta ɗan uwana.

Duk Juma'a bayan masallaci nakan je in gaida mahaifiyarsa. Takan ce, "Ɗana, ya bugo, yana lafiya." Bara ta ba ni lambarsa. Na tura masa saƙon murya na neman gafara, na ga alamar ya saurara. Har yau ina jiran amsa.