An ɗinke buhun ƙarshe, ga yadda damina ta uku ta kaya min

Salam 'yan uwa masu koyon noma irina. Jiya da la'asar muka ɗinke buhun ƙarshe na dawa, yanzu haka da nake wannan rubutun wuyana sai ƙaiƙayi yake, wanka biyu na yi amma a banza, duk wanda ya taɓa tsayawa ta inda iska ke kaɗawa ana sheƙar dawa ya san zancen. Alhamdulillahi dai komai ya shigo gida.

Gonar ta gado ce a wajen Gwarzo, ba ta fi eka uku ba, kuma bana ce damina ta uku da na karɓe ta. Eka biyu na zuba masara, ragowar dawa kaura da wake a tsakanin kunyoyi. Tun ranar shuka dattijon da muke iyaka da shi ya leƙo ya ce min, Malam masara kuma? shekara uku a jere wuri ɗaya? Na ce Baba ai ita ke da kuɗi. Dariya kawai ya yi ya saɓa fartanyarsa ya wuce.

Toh tsutsa ce ta fara min sallama, wannan mai shiga cikin kunnen masara ta bar kashi kamar garin katako, wadda ta ɓulla a ƙasar nan a 2016 har yau ba ta tafi ba. Feshin farko da rana tsaka na sa aka yi, asarar kuɗi kawai, ashe da sassafe ko da yamma ake yi kuma sai maganin ya shiga can cikin kunnen inda take ɓuya. Wannan dai na ci ƙarfinta a karo na biyu.

Abin da ya karya ni ciyawar nan wuta-wuta ce. Ni fa da na ga furen nan mai ruwan hoda ya bazu ta gefen yamma har hoto na ɗauka, wai ya yi kyau. Baba ya ce lokacin da ka ga furenta ai ta gama da kai, tun tana ƙarƙashin ƙasa take liƙe da saiwar masara tana tsotsa. Ya tuge ɗaya ya nuna min, wallahi ga saiwarta nan manne da ta masarar kamar an ɗinke. Masarar wajen ko ƙuguna ba ta kai ba, ganye ya yi rawaya, ni kuma ina ta ƙara mata yuriya ina zaton yunwar taki ce. Kuma wai irinta ƙanana ne kamar ƙura, yana iya fin shekara 10 a cikin ƙasa yana jira, ni ko bara barinta na yi ta zubar da iri son ranta.

Sai kuma ruwan ƙarshe. Mun karye masara mun tara a gona muna jiran mai injin casa, ya ce Talata, Talata ta zama Asabar, daren Juma'a ruwa ya sauko kamar ana tsakiyar marka, ga shi ban sayi tamfol ba don ina ganin ai damina ta wuce. Kwana huɗu muka yi da yara muna baza goyon masara muna juyawa muna tsince masu baƙi da masu kore-kore. Kusan buhu biyu na ware. Har na ce a ba kaji, wani abokina da ya yi karatun gona a Samaru ya ce kul, wannan fumfunar guba gare ta mai taɓa hanta, mutum da dabba duk ɗaya. Haƙa rami muka yi muka binne ina ji ina gani.

Lissafi: masara buhu 13, ni da nake hangen 30. Dawa buhu 6, ita ko ba ruwanta, da ɗan takin da ta samu ta yi abinta. Wake buhu ɗaya da 'yan kwanuka, ga harawa mai kyau. An fitar da zakka ɗaya cikin goma tunda ruwan sama ne ya shayar.

Kafin ɗurawa na gwada dabarar kwalba da gishiri, ka zuba tsaba da busasshen gishiri a kwalba ka girgiza ka ajiye, in gishirin ya manne jikin kwalbar to da sauran danshi. Baba shi cizawa kawai yake, in ta ce ƙas shikenan. Waken na sa a buhun PICS mai ruɓi uku, ba magani, ka dai matse iskar ka ɗaure kowanne daban. Ba zan kai komai kasuwar Dawanau yanzu ba, kaka ce kowa na fitarwa, sai dai buhu biyu da zan sayar in sallami 'yan ƙwadago.

Baɗi in Allah ya kai mu masara ba za ta taka gefen yamma ba. Waken suya zan sa a wurin, an ce yana sa irin wuta-wuta ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu, kuma yana gyara ƙasa. Masara rabin eka kawai, ina neman masarar SAMMAZ 15 ta IAR, cibiyar binciken noma ta Samaru, da aka ce tana jure wuta-wuta, kuma a wajen dila na gaskiya zan saya ba a bakin kasuwa ba. Ta gabas inda yashi ya fi yawa gero zan gwada, SOSAT, tunda yana nuna da wuri a samu na tuwo kafin dawa ta iso. Tamfol kuwa tun watan nan zan saya.

Karan dawa ban kwashe ba, mun fara magana da wani Bafulatani ya zaunar da shanunsa a gonar da rani su ci kara su bar min taki. Wanda ya taɓa yin irin wannan don Allah ya faɗa min, sati nawa ya kamata su yi a eka uku, kuma ana ƙara masa da hatsi ne ko karan ya isa?