Kiran bidiyo na ranar Asabar

Tun da muka rabu da mahaifiyar 'yata muka tsayar da lokaci: duk Asabar ƙarfe 7 na yamma, kiran bidiyo da 'yar tawa ta WhatsApp. Ba ya kai a rungume ta, amma shi ya riƙe mu.

Jiya ta matso da fuskarta dab da kyamara, ta wage baki. "Baba, ka gani? Ya fita!" Daidai nan netwok ya ɗauke, hotonta ya tsaya cak. Na zauna shiru ina kallon ɗan giɓin nan har muryarta ta dawo, idona ya cika da ƙwalla.

Mahaifiyarta kan miƙa mata wayar ta fita daga ɗakin, ta bar mu mu sake. Ban taɓa roƙon ta hakan ba. Allah ya saka mata da alheri.