Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Iskar Yamma Ta Ɗauke

Makon jiya na tsaya inda mahaifina ya sa ni a motar Dutsin-Ma daga Katsina, ya ce tunda na ƙi boko in je wurin Kawu in koyi su, wato kamun kifi. Lokacin ba a daɗe da gama madatsar Zobe ba, wadda aka datse kogin Karaduwa aka kammala a 1983, kuma ruwan ya jawo masunta daga nesa, har da Sarkawan Yawuri da Argungu.

Kawu da gora yake shiga ruwa. Ya kifa cikinsa a kanta, komarsa ta kamun kifi a hannu, kifin da ya kama ya jefa ta bakin gorar. Da ya ga ba ni da juriyar iyo, sai ya haɗa ni da wani dattijo Basarke mai jirgi, wanda kowa ke kira Baba.

Ran farko Baba ya ce, "Yaro, jawo mini kwamin can." Na tsaya ina waige-waige. Ni a gidanmu komi shi ne abin da ake zuba wa tumaki dusa, ko fangalin da 'yan lambu ke shuka albasa. Ashe ɗan jirginsa na sassaƙen itace yake nufi. Na ce, "Au, kwalekwale?" Ya ce wannan sunan 'yan birni ne, masu ganin ruwa a randa. A wajensu, in ji shi, babban jirgin da ke ɗaukar buhuna da mutane a kogin Kwara abara ake ce masa, kuma da za a kawo shi Zobe da mun ɗauka gida ne. A hannunsa na koyi riƙe filafili, da tura jirgi da gwangwala inda ruwa bai kai zurfi ba, da jefa ragar birgi ta buɗe kamar faifai.

Baba ba ya duban sama da yawa, jikinsa yake saurare. Yakan ce iskar damina daga yamma take busowa, amma hadari ta gabas yake shigowa, don haka muddin ta yamma na kaɗa rigarka, ci gaba da aikinka. In ta ɗauke, zufa ta karyo maka, ruwa ya kwanta luf kamar an shafa masa mai, to naɗe kayanka. In shamuwa ta sauka a kan kuka, sai ya fara ɗinke raga, ya san ruwa ya kusa. Ruwan farko kuwa, tarwaɗa ce ke hawowa cikin ciyawar da ruwa ya shanye don ta zuba ƙwai, nan ake tare ta. Da hunturu sai ya ce kifi ya shige ƙasa, a bar wahalar da kai da asuba. Wasu maganganun nasa har yau ban gaskata ba, irin cewa bakan gizo na shanye hadari. Na sha ganinsa kuma aka kwana ana ruwa.

Wata la'asar cikin marka muka fita ɗaga mamari, doguwar igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi. Ƙugiyoyin sun kama sosai, tarwaɗa da kurungu, har da wani ragon ruwa da ya kusa tsawon hannuna. Ina cikin cirewa sai na ji rigata ta manne a bayana. Baba ya ɗaga kai.

"Yanke igiyar, mu hita."

"Baba, saura kaɗan fa. Ga rana tarwai."

Bai sake magana ba. Ya fizge wuƙar daga hannuna ya datse igiyar da kansa, kifi da ƙugiya duk suka tafi. Ina gunaguni a raina, na juya gabas, na ga ƙasan sama ya yi ja, samansa baƙi ƙirin. Ba mu ci rabin hanya ba wata iska mai sanyi ta mare mu, ruwa ya fara tsalle yana faɗowa cikin jirgi. Ya wurgo mini ƙwarya ya ce, "Kwashe, kar ka dubi komai!" Ina kwasa ina salati, filafilin da Baba ya ba ni ya suɓuce ya bi ruwa.

Da ƙyar muka dafa gaɓa, nesa da inda muka saba sauka. Kawu na tsaye cikin ruwan sama da fitila a hannu, yana ƙwala kiran sunana. Abin da ya yi mini a daren nan, da yadda na biya Baba kuɗin filafilinsa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.