Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Cin Ranina a Badagiri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya inda ni da Kawu munka hau saman motar albasa daga Sakkwato, Jega, Yauri, Kontagora, gadar Jabba, har Mile 12 cikin Ikko, ina ɗan shekara 19 ban taɓa wuce Gusau ba. To ban daɗe Ikko ba, kwana huɗu kawai Kawu yac ce in tattara mu wuce Badagiri, can kusa da bodar Seme, shina da rumfa bakin kasuwar Agbalata kuma yaron da ke jire mishi ya koma gida aure.

Garin bakin wani ruwa mai kwanciya yake, ni da nig gan shi na ɗauka shi ne teku, har nic ce ma Kawu ashe bai hi gulbin Yauri da wani abu ba. Yac ce yaro jira Lahadi. Ran Lahadi munka shiga kwale-kwale munka ƙetare zuwa tsibirin Gberefu, munka taka cikin itacen kwakwa da rairayi, tun ban ga komai ba nake jin wani rugugi kamar hadarin gabas ya taso, ina ta duban sama babu ko gajimare. Da munka ɓulla sai ƙafafuna sunka tsaya da kansu. Ni da na saba da Rima, ka tsaya Kwalkwalawa ka hango mai shanu wancan ƙetaren har ka ɗaga mishi hannu, wanga ruwa ba shi da ƙetare. Na ɗibi kaɗan na kai baki, gishiri zalla. La'asar tat tarad da mu nan, Kawu yad duƙa yay yi alwala da shi, sai hadisin da munka karanta a zaure yaz zo mini, cewa ruwan teku mai tsarki ne mushensa kuma halal ne. Wallahi ranar nis san abin da malam ke nuhi.

Zaman garin akwai wuya ga ɗan Sakkwato. Albasar da muke ajewa cikin rudu ta yi watanni a gida, can mako biyu ta fara tsiro tana ruɓewa don laima, kullum da asuba sai na zazzage buhu na tsince mai taushi kar ta ɓata sauran. Wanki ya kwana ya yini bai bushe ba. Kwadon rumfa, rediyon Kawu, har allurar ɗinkin buhu duk tsatsa ta ci don iskan gishiri. Furar gero kuwa sai mafarki, teba da kihi ne safe da dare. Amma mutanen garin, Egun, ba su taɓa wulaƙanta ni ba, matan da ke bandar kihi su ne manyan kwastomominmu, su sayi albasa da tarugu su ƙaro mini kihi biyu a takarda.

Dare ɗaya naj ji wata irin ƙara da ƙararrawa, na tashi zan leƙa Kawu yar riƙe mini riga yac ce kwanta, Zangbeto ne, masu gadin gari, baƙo ba ya hita. Sai ranar wani bikinsu nig gan shi da rana, kamar ɗan boto na ciyawa mai launi shina juyi tsakar fili ana kiɗa. Al'adarsu ce, na tsaya nesa na kalla na koma rumfa.

Abin da yab ba ni mamaki, can nis san garin yana da hanya da Sakkwato tun da daɗewa. Baturen nan Clapperton da ake kiran titi da sunanshi a garinmu, daga Badagiri yat taso a 1825, yaz zo wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yam mutu nan Sakkwato a 1827. Na kuma shiga gidan Seriki Abass inda anka riƙa tsare bayi kafin a sa su jirgi, ɗakuna ƙanana da 'yar kafar iska can sama, ga sarƙoƙin nan har yau. Ban iya cin abinci ba ranar.

To amma abin da nike son ba ku labari shi ne daren kunkuru. Akwai wani tsoho masunci, mijin ɗaya daga cikin matan bandar nan, Baba nake ce mishi shi kuma ya ce mini Malam, da broka da hannu muke fahimtar juna. Na kan je in taya su jan taru, mutum ashirin ko hi a igiya ɗaya ana waƙa ana ja da baya da baya, a ba ni kaso. Wani dare lokacin hunturu, ko da yake hunturunsu bai kai a kira shi hunturu ba, yac ce in kwana bukkarshi bakin teku. Tsakar dare yat tashe ni, yac ce kar in kunna tocila.

Farin wata tas, kaguwa farare suna ta gudu a karkace suna faɗawa ramu. Can sai ga wani abu baƙi ya hito daga cikin kumfa, faɗinshi ya kai babban faranti na biki, shina jan ciki a hankali shina nishi kamar tsohuwa mai hawan tudu. Kunkurun teku ce, mace. Ta wuce inda ruwa ke kaiwa, tat tsaya, tas shiga tono da ƙafafun baya, ɗaya ta kwaso rairayi ta zubar ɗaya ta shiga, da tsari kamar mai ginin tukunya. Munka matso ta baya muna rarrafe. Ƙwai ke zubowa biyu biyu uku uku, farare kamar ƙwallon tebur, ɓawonsu mai taushi shi ya sa ba su fashewa, na ƙirga har na wuce 80 na rikice. Idonta na zubar da hawaye, na ɗauka wahala ce, daga baya nis san gishirin jikinta ne take fitarwa ta nan. Ta rufe ramin, ta daddaɓe da ƙirjinta, ta juya ta koma ruwa ko waiwaye babu.

Baba yad ɗauko ganyen kwakwa yas share sawunta kaf, don samari na bin sawu su tone ƙwan su kai kasuwa. Yac ce wata biyu 'ya'yan za su hito da dare su nuhi ruwa, tsuntsaye da kaguwa da kihi su cinye mafi yawa, wadda ta tsira kuma ko bayan shekaru nawa ne, gaɓar da anka ƙyanƙyashe ta can za ta dawo ta yi nata ƙwan. Sai yad dube ni yac ce Malam kai yaushe za ka garinku?

Ban ba shi amsa ba, amma ban yi barci ba har asuba, Inna nake ta tunawa da gonarmu. Daga ranar na shiga duban shirwa. Duk rani suna nan birjik saman bandar kihi suna shawagi, kuma na san da damina gida suke zuwa, tun muna yara muke ganinsu. Da ruwa yaf fara sauka sai nig ga suna raguwa, yau goma gobe uku, ran wata Juma'a na ɗaga kai babu ko ɗaya. Bayan masallaci na durƙusa gaban Kawu nic ce Kawu ina son ka yi mini izini in tahi in taya mahaihina shuka. Ya daɗe shiru, sannan yaj jawo littahin lissahi daga ƙarƙashin tabarma.

Yadda lissahin nan yak kasance tsakanina da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.