Kwalbar khal ɗin Yaya

Asabar. Wanki tun safe, wuta kuma ba ta leƙo ba sai bayan azahar. Tuwon shinkafa ya yi kyau, miyar ce gishiri ya ɗan zarce.

Da la'asar Yaya ta kira, murya a sama. Kwalbar khal ɗin tuffa (ruwan tsamin nan da Turawa ke kira vinegar) da aka kawo mata tsaraba daga Ingila ce, mai suna Aspall. Yaro ya karanta mata jikin kwalbar, ya ce kamfanin giya ne. "Ke kin sani kika bar ni ina zubawa a kwaɗo?" Na ce Yaya ki zauna tukuna.

Na yi mata bayani: ba a samun khal sai an bi ta giya, ko a gida aka yi. Ana niƙa tuffa a matse ruwan. Yis ya cinye sukarin ciki ya mayar da shi barasa, kamar kashi 5 zuwa 7 cikin 100, wannan ita ce giyar tuffa. Daga nan wasu ƙwayoyin bakteriya su kama barasar, da taimakon iska su juya ta tsami, har ta kai wajen kashi 5. Wannan yauƙin da ke kwanciya a gindin kwalba, wanda ake kira uwar khal, gidansu ne. In an toshe bakin tulu ruf aikin ya tsaya, don iska suke so, shi ya sa ƙyalle ake ɗaurawa. In wurin ya yi sanyi su yi kasala, ɗumi tsakanin digiri 25 da 30 ya fi musu. In barasar ta yi ƙarfi ta kashe su. In kuma aka bar shi a buɗe bayan ya nuna, sai su koma cin tsamin kansa, ya zama ruwa salam. Kwanon ƙarfe kuwa tsamin zai ci shi. Na ce hukuncin ta kai wa Malam, amma ta tuna hadisin da ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Ta ce to, ta kashe waya.

Ni ce abin bai saki ba. Ba maganar halacci ba, wannan 1728 da ke manne a kwalbar.

Shekarar gaskiya ce. Clement Chevallier, mutumin tsibirin Jersey, shi ya fara matsar tuffa a gidan Aspall Hall da ke Suffolk ta Ingila a 1728. Har dutsen niƙa ya sa aka ɗauko masa daga tsibiran Chausey na gaɓar Faransa, doki ke jansa yana zagaya kwami yana murƙushe tuffa. Sana'ar ta bi jini har zuriya ta takwas. Khal ɗin ma baƙo ne a gidan, sai wajen shekarun 1970 aka fara shi. A watan Janairun 2018 iyalan suka sayar wa Molson Coors, babban kamfanin giya na Amurka da Kanada. Shekara 290 cif. Suna bai canza ba, shekarar tana nan, har rubutun "cyder" (giyar tuffa) na tsohon yayi ba a taɓa ba, don su ne ainihin abin da aka saya.

Ba su kaɗai ba. Bulmers, kamfanin giyar tuffa na Hereford a Ingila, wanda ɗan wani limamin coci ya kafa a 1887 da tuffar gonar ubansa, ya faɗa hannun kamfanin giya na Scottish & Newcastle a 2003, a 2008 kuma Heineken ta gaje shi. A Ireland ma sunan Bulmers na wani kamfani ne daban, mai yin giyar tuffa ta Magners. Suna ɗaya, iyayen gida biyu.

Ban ga laifin masu sayarwa ba. Injin cika kwalba da tankuna kuɗi suke ci, manyan kantuna kuma mai yawa suke saurara. Amma zuriya takwas fa. Wani ya dasa, wani ya yi aure da kuɗin, wani ya binne uba ya ci gaba, na ƙarshe ya ɗauki biro.

Magariba ta yi ban kwashe shanya ba. Yaya ta turo saƙo: Malam ya ce ta ci kwaɗonta. Wai ko akwai wata kwalbar.