Karsanar da ba ta kawo ko sisi

A garkena da ke bakin fadamar Argungu akwai shanun tatsa goma sha huɗu, yawancinsu Bokolo, sauran ruwa biyu ne da jinin Firiziyan, shanun Turai masu yawan madara. Su ke biyan albashin yara biyu da ke aiki tare da ni. Amma waɗanda suka fi cin kuɗina su ne 'yan maruƙa mata da nake reno don su gaji iyayensu, waɗanda sai sun shekara biyu da rabi ko uku suna ci kafin in ga ɗigon madararsu.

Da na fara sana'ar, a nan na yi asara. Madara na kuɗi, masu yin kindirmo na jira da safe, sai mu tatse uwa ƙarƙaf mu bar wa maraƙa abin da ya saura. Wata maraƙa da na fi sa wa rai ta yi ta zawo, ta tsumbure, sai da ta kusa shekara biyar ta haihu, nonon kuma bai taka kara ya karya ba. Wani dattijon Bafulatani da ya gan ta ya ce, "Alhaji, wannan tun tana jaririya ka cinye ta." Ban ji daɗi ba, amma gaskiya ya faɗa.

Yanzu dokata ta farko dakashi ce, wato nonon farko bayan haihuwa. Maraƙa ta faɗo ko da tsakar dare ne, sai ta sha cikin awa biyu, domin bayan kwana ɗaya hanjinta ya daina ɗaukar kariya daga cuta da ke cikin dakashin. In ta kasa kama nono, a tatsa a ba ta a kwalba. Daga nan madara lita huɗu a rana, safe da yamma, har wata uku. Yarona ya taɓa cewa, "Baba, lita huɗu fa kuɗi ne." Na ce masa ya rubuta a littafin bashi, ita za ta biya.

Tun sati na biyu nake ajiye musu dusar masara da ɗan ƙuli-ƙuli da harawa mai laushi, da ruwa mai tsabta, don tumbi ya buɗe da wuri. Angurya ba na ba ƙanana, sai sun girma.

Wahalar tana watan Maris zuwa Mayu. Bambaron shinkafa muna da shi kamar ƙasa a Kebbi, sai dai cika ciki kawai yake yi. Dusar shinkafa mai araha kuma sau da yawa rabinta ɓuntu ne. Ka murza a tafin hannu kafin ka biya. Shi ya sa nake tara harawar wake tun kaka, lokacin da take da sauƙi, in jibge a kan rumfa. Gishiri da kanwa ba sa yankewa. Da yake fadama muke, maganin ciwon hanta da na tsutsa sau biyu ne a shekara, ban da cire kaska.

Barbara kuwa ba shekaru nake ƙirgawa ba, jiki nake dubawa. Sai karsana ta kai wajen kashi biyu cikin uku na girman uwarta nake bari sa ya hau ta. Bana guda uku sun kai, ɗaya na ɗaga mata zuwa bayan damina.